Layin Wanda Ya Gwada

Ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗakina bayan azahar sai matar maƙwabcinmu ta shigo ba sallama. Ta zauna a ƙasa kusa da ni da sabon zaninta, ta karɓi tiren daga hannuna ta ajiye gefe. Ta ce, "Malama, sai dai haƙuri. Motar rake ce ta haɗu da maigidanki a hanyar Rogo. Rai ya yi halinsa tun kafin a ɗaga shi."

Na yi innalillahi. Sannan na tambaye ta ko yana tafiya ne ko yana dawowa.

Ta dube ni kamar na zautu. Daga baya na ji mata sun yi ta maimaita tambayar nan a gidan makoki, wai ruɗewa ce ta sa ni sambatu. Ni kuwa na san abin da nake tambaya. Da safen nan maigidana ya hau babur daga Karaye zuwa Beli don ya karanta wata lamba a cikin wani akwati, kuma ina son in san ko ya kai ga karanta ta. Yana dawowa ne. Ya karanta, ya ɗauki hotonta a waya. Wayar ce ba a gani a wurin ba, har yau.

Sana'ar da mutanen gari suka san shi da ita haɗa famfon sola ce ga masu noman rani. Yakan kafa faifan sola, ya ja waya, ya ɗaura wani ɗan akwati a jikin turke, akwatin ya riƙa kunna famfo yana kashe shi da kansa, idan ruwa ya ja baya kuma ya aika wa mai gona saƙo. Da wannan muke ci. Amma akwai wani aikin da yake yi daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, a kan tabarma, kwamfuta a cinya, wanda ba wanda ya sa shi.

Ni karatuna sakandare ne, sai ɗan kwas da na yi na koyar da 'yan aji biyu. Abin da zan faɗa yadda ya fahimtar da ni ne, in na yi kuskure nawa ne. Ya ce kowace kwamfuta, har da waya da ɗan allon lantarkin da ke cikin akwatunansa, wanda yake kira fanel, tana da wata manhaja a can ƙasa wadda komai yake hawa kanta, suna ce mata kanal. Akwai wata kanal da mutane daga ƙasashe da dama suke haɗa hannu su rubuta, kowa ya ɗauka kyauta. A cikinta kowace 'yar na'ura tana da guntun rubutun da yake koya wa kanal yadda za ta yi magana da ita, shi suke kira direba. Kafin mutum ya haɗa kanal don injinsa sai an jero masa tambayoyi, a sa direban kaza, a sa na kaza, shi kuma yana amsa eh ko a'a. Tambayoyin suna da yawan da mutum zai wuni a kansu bai gama ba.

Maigidana ya rubuta direba guda ɗaya, na wani ɗan baƙin abu da ake mannawa a jikin fanel, suna ce masa aisi, mai girman ƙwayar wake, wanda yake auna wutar da ke shiga famfo. Ya aika musu, suka yi ta dawo masa da shi yana gyarawa, tun daga kaka har damina ta faɗi, sannan suka karɓa. Ranar ya shigo da balangu a takarda, ya ce in wanke hannu in zo in ga sunansa. Ƙananan haruffa ne a cikin wani dogon jeri. Sai da ya sa yatsa na gani.

Bayan 'yan watanni wani ya rubuto ƙorafi. Wai ana tambayar kowa da kowa a kan direban nan, har masu manyan injinan da ba za su taɓa ɗaukar wannan aisin ba, domin ƙirar ƙwaƙwalwarsu daban ce. Na zaci zai ji haushi, sai ya ce mutumin ya fi shi gaskiya. Ya ce, "Kamar ki tsaya a bakin kasuwa ne kina tare duk mai wucewa kina tambayarsa ko yana son garmar shanu, alhali rabinsu ko akuya ba su ajiye ba. Ba zunubi ba ne, amma rashin ta ido ne."

Gyaran layi ɗaya ne. Za a rubuta sharaɗi a ƙarƙashin direban, cewa kada a yi tambayarsa sai ga inji mai ƙira kaza, ko ga masu gwaji, waɗanda suke haɗa komai da gangan don su ga ko wani abu ya karye. Ya rubuta ya aika. Mai kula da wannan ɓangaren ya amso da tambaya. Ya ce ya ji ana sa wannan aisin a wani fanel na biyu mai wata ƙirar, in kuwa haka ne sharaɗin zai rufe wa masu wannan fanel ƙofa. Ko zai iya dubawa? Irin wannan fanel ɗin sau ɗaya tak maigidana ya taɓa sa shi, a gonar albasar wani dattijo a Beli.

Na ce masa, "Ka rubuta eh kawai mana, tun da masu ƙera su ɗaya ne."

Ya yi dariya yana ɗaura jakarsa a babur. Ya ce, "Kin fara magana irin ta Yaya." Ya bar kokonsa bai shanye ba. Wannan ita ce shawara ta ƙarshe da na ba shi, kuma ba na alfahari da ita.

Yaya shi ne wansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana aiki a wani ofishi a cikin gari, an rubuta a ƙofarsa cewa shi ne mai kula da kwamfutoci. Kalmarsa ɗaya ce a duniya, ba matsala. Duk takardar da aka miƙo masa sai ya sa mata hannu sannan ya tambayi ko ta mece ce, in ya tuna. Idan kwamfutar ofis ta ƙi tashi yakan sako ta a bayan mota ya kawo gidanmu da la'asar, ya ɗauka washegari, ya je ya gaya wa ogansa irin wahalar da ya sha a kanta. Aikin asuba na ƙanensa kuwa bautar Turawa ya raɗa masa suna. Yakan tsaya a zaure yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Injiniyan duniya! Yau me suka turo maka?"

"Sun turo gaisuwa, Yaya."

"To, a ba Malama ta zuba a miya."

Ni matar ƙane ce. Ba na ɗaga ido in dube shi, ba na amsa masa sai da to. Shekara bakwai muna haka. Yawancin abin da nake rubutawa a nan ban taɓa furta shi da baki ba.

Ranar sadakar uku wani abokin maigidana ya zo daga Kano, irin aikinsu ɗaya. Tagar ɗakina tana kusa da rumfar da maza suke zaune, ina jin komai. Bayan an shafa fatiha sai ya ce wa mutane wannan bawan Allah da aka binne, rubutunsa yana aiki a cikin injina a ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Wanda ya fara magana Yaya ne.

Ya ce, "Ai ni na fara ɗora masa hannu a kan kwamfuta. Tun yana ƙarami na ga alamar, na ce wannan yaron kada a bar shi a gona. Kullum ina gaya masa, kada ka saki aikin nan."

Dattawa suka ce Allah ya saka wa Yaya da alheri. Na ji yana amsa amin, amin, da muryar da ya tanada don irin wannan rana.

Da yamma abokin ya nemi ya yi mini gaisuwa. Ya zauna a tsakar gida, ni ina bayan labule, Inna mahaifiyarsu tana gefe, domin ta tare a wurina saboda takaba. Yaya ya rako shi. Na gaya wa abokin abin da ya kai maigidana Beli. Na buɗe kwamfutar da lambar sirrin da ni kaɗai na sani, na tura masa ta ƙarƙashin labule. Ya karanta, sannan ya rubuta wa mai kula da ɓangaren ya sanar da shi rasuwar. Kafin ya tashi amsa ta zo. Mutumin ya yi ta'aziyya a layi biyu, ya ce gyaran zai jira, duk wanda yake da fanel ɗin ya duba ya faɗa, za a sa sunansa a layin wanda ya gwada.

Inna ta tambayi ko mene ne wannan. Abokin ya ce, "Inna, a ƙasan kowane gyara akwai layin wanda ya rubuta, akwai kuma layin wanda ya gwada. Kamar shaidar ganin wata ce. Wanda ya gani da idonsa shi yake faɗa, sai sauran jama'a su ɗauki azumi a kan maganarsa."

Yaya ya gyara zama. "Sunan mutum yana fitowa a rubuce? Har a iya buga shi a takarda?"

"Ana iyawa, Yaya."

"Ba matsala. Ni zan je."

Abokin yana da tafiya mai nisa a gabansa, ba zai samu zuwa Beli ba. Ya zaro takarda ya fara zana inda aisin yake a jikin fanel, domin akwai wasu masu kama da shi. Yaya ya ɗaga masa hannu. "Haba ɗan'uwa, ni za ka zana wa? Aikina fa ke nan." Abokin ya ƙarasa zanensa duk da haka, ya ninke, ya turo mini tare da kwamfutar.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ba zan taka ƙofar gida ba. Ban taɓa jin nauyin wannan hukunci a matsayin zalunci ba, kuma ko yanzu ban ce shi ne ba. Amma Beli tafiyar da mutum zai yi ya dawo kafin azahar ce, kuma amsar tana can a jikin turke, ni ina nan, wanda aka ɗora wa zuwa kuma shi ne Yaya.

An dawo mini da jakar kayan aikin maigidana daga bakin hanya, igiyarta a tsinke. A ciki akwai mitarsa, da tef, da kwalbar jan farcena da ya ɗauke tun bara, da wata sukundireba mai baki kamar tauraro. Da irin wannan sukurun yake rufe akwatunansa, don masu gyaran kan hanya sun sha buɗe masa su su jagwalgwala. Ba a samun bakinta a kasuwarmu, daga Kano ya sayo. In ya rufe akwati kuma sai ya ɗiga jan farce a kan kowane sukuru, yadda in an taɓa zai gane. Na fito da sukundireban na ajiye a bakin ƙofa da zanen, ina jiran Yaya ya aiko a karɓa.

Sati uku bai je ba. Yau taro, gobe oga ya yi baƙi. Ranar da ya tafi a motar ofis ya tafi, kuma bai aiko an karɓi komai ba.

Ya dawo da la'asar ya zauna a kujerar da maigidana yake zama in zai gyara wani abu. Ya sha ruwa, ya yi wa Inna bayanin lalacewar hanya. Sannan ya ce, "Malama, na duba. Iri ɗaya ne sak."

Na ce, "Sannu da hanya, Yaya. Allah ya ba da lada. Lambar fa?"

"Iri ɗaya ce na ce miki."

"Da an karanto mini ita, sai in haɗa da wadda marigayi ya rubuta a nan."

Ya yi dariya ya juya wajen Inna. "Inna, kin ji? Malamar 'yan aji biyu za ta yi mini jarrabawa. To ga shaida nan." Ya miƙa wa Inna wayarsa, Inna ta zuro mini ita.

Hotuna shida ne, kuma duk nasa ne. Ga shi tsaye da babbar riga ya dafa akwatin. Ga shi ya sunkuya yana nuna shi da biro, ya haɗe gira kamar mai tunani. A ɗaya an yanke rabin fuskar dattijon mai gonar a gefe. Na buɗa hoton da yatsu biyu har akwatin ya cika wayar. Ɗigon jan farce huɗu suna nan a kusurwa huɗu, ko ƙwarzane babu.

Inna ta ce, "Ka dai buɗe ko?"

Ya ce, "Wallahi na buɗe, Inna. Da hannuna na buɗe."

Sukundireban tana ƙarƙashin gwiwata a lokacin. Ina jin sanyin ƙarfenta ta cikin zani.

Ya ci gaba da magana, domin shi shiru ba ya zama a kusa da shi. Ya ce in buɗe kwamfuta yanzu in rubuta musu a sa ƙirar biyu duka, a sa sunansa a layin wanda ya gwada, kada a manta da muƙaminsa a gaba. Ya ƙara da cewa shi da za a bi tasa, a goge sharaɗin nan gaba ɗaya. "Rowa ce kawai irin ta masu boko. A ba kowa mana! Wanda ba ya so ba shi da baki ne? Ya ce a'a." Wato abin da ƙanensa ya zauna ya gyara, ya kuma hau babur a kansa, shi ne Yaya ya warware a zama ɗaya yana sakace haƙori.

Na ce, "Yaya, ba zan buɗe ba."

Ban san muryata za ta fito haka ba.

Ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce a yi haƙuri, ba zan buɗe ba sai an karanto lambar."

Ya miƙe. Ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce kayan ƙanensa ne, jininsa, ni kuwa bare ce da aure ya kawo kuma mutuwa ta sallama. Ya ce dama ya sha gaya wa marigayi ya sangarta ni. Inna ta ce, "Ya isa. Ko arba'in ba a yi ba, ku bar maganar nan." Ya karɓi wayarsa ya fita, muna jin yadda ya buga ƙofar mota.

Da na so, da na ɗaga labule na ajiye sukundireban a gaban Inna, na nuna mata ɗigon nan huɗu. Ban yi ba. Tsohuwar ta binne ɗa ɗaya bai yi wata ba, ban ga dalilin da zan nuna mata cewa wanda ya rage yana rantsuwa da Allah a kan sukuru huɗu ba. Shi ma ya san ba zan yi ba, da wannan ya dogara. Saboda haka labarin da ya zaga dangi shi ne na riƙe kayan mamaci, na yi wa wan miji rashin kunya ina cikin takaba. Matan da suke zuwa gaishe ni suka ragu. Wata gwaggonsu ta zo takanas ta yi mini nasiha a kan girman na gaba, na ce to, na gode.

A watannin nan na yi ta juya abin a raina, ko taurin kai ne kawai. Wataƙila ma iri ɗaya ne ɗin. Mai faɗar eh ga komai yakan dace wani lokaci, kamar yadda makaho yakan taka kuɗi. Amma in ba iri ɗaya ba ne, wani manomi a wata ƙasa zai sa direban a fanel ɗinsa ya yi ta ba shi awon ƙarya, ko ya ƙi aiki ya rasa dalili. In ya bi sawu ya duba, sunan da zai fara gani a sama na maigidana ne, na Yaya yana ƙasa yana shaidar abin da bai gani ba. Mutumin da ya bar kokonsa don kada ya rubuta abin da bai tabbatar ba, ban ga yadda zan yi masa haka ba don wani ya samu takardar liƙawa a bango.

Da na fita takaba, na yi wanka aka yi sadaka, kwana biyu tsakani na sa sukundireban da zanen a jaka, yayata ta raka ni. Muka shiga mota zuwa Rogo, daga nan muka hau babura. Na roƙi direban motar tun a tasha kada ya nuna mini wurin da hatsarin ya faru, amma da muka zo sai motar ta yi shiru gaba ɗaya, na gane.

Dattijon yana bakin gonarsa a ƙarƙashin mangwaro. Da yayata ta gaya masa ko ni wace ce sai ya tashi ya ba ni buzunsa. Muka gaisa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan na ce na zo ganin akwati ne.

Ya ce, "Ayya, 'yata. Ba su gaya miki ba?"

Ya kai ni wurin turken. Ramukan ƙusa ne kawai a jiki, da wayoyi biyu an naɗe bakinsu da leda. Ya ce Yaya ya komo karo na biyu da mutum biyu, suka ɓalle akwatin ɗungurungum. Wai ofishinsu zai yi manyan baƙi, za a nuna musu irin fasahar da ake yi a ƙarƙashin kulawarsa, bayan sati za a dawo da shi. Wata uku ke nan. Dattijon ya sa wani ya haɗa masa famfon kai tsaye, ranar da ruwa ya ja baya ba abin da ya kashe shi, ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Ya nuna mini fangalin da albasa ta kwanta ta yi fari. Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Mai babbar riga ne, kuma ɗan'uwan mai akwatin. Me zan ce?"

Na tambaye shi zuwan Yaya na farko.

"Bai taɓa sukuru ba. Ya dai tambaye ni ta ina rana ta fi haska fuska."

Na tambaye shi zuwan maigidana.

Ya ce, "Shi kam ya buɗe. Ya durƙusa nan inda kike, ya sa gilashi a ido ya daɗe yana leƙe, ya ɗauki hoto. Na ce malam, lafiya? Ya ce lafiya lau, Baba, wata tambaya aka yi mini. Ya rufe, ya ɗiga jan abin nan nasa. Na ba shi albasa ya ce sai ta ƙosa zai dawo ya karɓa."

"Bai faɗi abin da ya gani ba?"

"Ko ya faɗa, 'yata, ni me na sani a ciki?"

Ranar da zan koma gidanmu a Kurugu na je yi wa Inna sallama, na tarar da Yaya a wurinta yana cin ɗanwake. Yanzu babu labule tsakaninmu. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Sannan na buɗe jaka na ajiye sukundireban a kan tabarma, da zanen a kusa da ita.

Na ce, "Yaya, na je Beli, an ce akwatin yana wurinka. Alfarma nake nema. A kawo shi nan gaban Inna a buɗe, ka karanta lambar da bakinka, a gwada. Sai a sa sunanka, kuma ya zama naka ne da gaskiya."

Ya dubi bakin sukundireban. Na ga lokacin da ya lura da tauraron, cokalin ya tsaya masa a hanya. Ina jin sai a ranar ya san da irin sukurun da aka rufe abin da yake ta nuna wa baƙi.

Ya ce, "Ni ba a duba abu sau biyu a wurina. Na duba, na faɗa."

Inna ta ce, "To mene ne a ciki in an sake dubawa? Yarinyar nan hankalinta ya kwanta."

"Inna, ba ki san sha'anin ofis ba. Kayan yanzu yana cikin rajista, ba a fitar da shi haka kawai." Ya juyo gare ni. "Ki fara aika sunan. In na ga takarda, ba matsala, sai a duba yadda za a yi."

Na ce to. Na mayar da kayana jaka. Inna ta riƙe hannuna ta daɗe, ba ta dubi ɗanta ba, ni ma ban tambaye ta abin da ta gane ba.

Da Yaya ya so, da ya sa an fasa akwatin a ɓoye ya karanta, ya zo ya wanke kansa. Amma in ya buɗe zai tarar da baƙaƙen aisi sun fi ɗaya, sai ya tambayi wani wanne ne, shi kuwa ban taɓa jin ya tambayi kowa komai ba tun da na shigo gidansu. An ce mini akwatin yana kan durowa a ofishinsa, an liƙa masa takarda mai sunansa da muƙaminsa, masinja yana goge shi duk safiya. Dattijon Beli kuwa da injin fetur na aro ya ƙarasa ranin.

Yanzu ina koyarwa a Kurugu. Ranar Juma'a nakan sa kwamfutar a caji don kada batirin ya mutu. Abokin nan ya kira kwanakin baya, ya ce an fitar da sabuwar kanal har sau biyu tun rasuwar, kuma har yanzu ana tambayar kowa a kan direban. Ya ce in na yarda zai roƙi a karɓi gyaran yadda maigidana ya fara aika shi, da ƙira ɗaya, a bar ta biyun sai an samu mai dubawa. Ya nemi irin fanel ɗin a Kano bai samu ba, an daina kawo shi. Na ce ya ba ni lokaci, zan sake aika wa Inna ko za ta iya sa baki. Na aika sau biyu, ta ce tana ƙoƙari.

Ban karanta lambar ba tukuna, kuma ba a amsa wa mai kula da ɓangaren nan tambayarsa ba.